Ciwon Ɓarin Kai da 'Yar Ƙofar da ke Cikin Zuciya: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Kowannenmu da wata 'yar ƙofa a tsakiyar zuciyarsa ya zo duniya. Ga yawancin mutane takan liƙe tun suna goye a bayan uwa, amma kusan mutum ɗaya cikin huɗu tasa ba ta liƙewa. Da ita zai girma, da ita zai tsufa, kuma galibi har ya koma ga Mahaliccinsa bai san da zamanta ba. Sama da shekara 25 ke nan likitocin zuciya da na ƙwaƙwalwa suna ja-in-ja a kan ko wannan ƙofa tana da hannu a ciwon ɓarin kai, wanda a asibiti ake ce wa maigiren, da kuma ko toshe ta zai raba mutum da ciwon. Magana ce da ta shafi miliyoyin mutane da maƙudan kuɗi, har ta kai gaban kotu a Landan. Ya kamata mai fama da wannan ciwo ya san inda aka kwana, don kada tsoro ya kama shi a banza, kada kuma a sayar masa da fatan da bai tabbata ba.

Ɗakuna huɗu ne a zuciya, biyu a sama, biyu a ƙasa, ga kuma bango da ya raba dama da hagu. Jinin da ya gama zagaya jiki ya rabar da iskar oksijin da ya ɗauko, ɓangaren dama yake dawowa. Daga nan a tura shi huhu ya sake ɗaukar iska, sannan ya shigo hagu, ita kuma ta harba shi zuwa ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi. A ƙa'ida babu ɗigon jinin da zai je hagu bai bi ta huhu ba. Shi kuwa huhu aikinsa bai tsaya ga musayar iska kaɗai ba. Jijiyoyinsa sirara ne ƙwarai, don haka ɗan gudan jini ko kumfar iskar da ta biyo jini a nan take maƙalewa ta narke, akwai kuma sinadaran da huhu ke tsame wa jini kafin ya wuce gaba.

Jaririn da ke ciki ba ya numfashi, huhunsa cike yake da ruwa. Iskarsa daga jinin uwa take zuwa ta mabiyiya da cibiya. Tun da ba a huhu zai samo iska ba, sai aka yi masa gajeriyar hanya a bangon da ke tsakanin ɗakunan sama biyu, jini ya tsallaka daga dama zuwa hagu kai tsaye. A bakin hanyar akwai wata 'yar fatar nama ta gefen hagu. Da jariri ya faɗo ya tsala kukan farko, huhu ya buɗe, jini ya fara kwararowa daga huhu zuwa hagu da ƙarfi, sai ya danna fatar nan a jikin bango. Cikin watanni takan haɗe da bangon, shi ke nan an gama. Wanda tasa ba ta haɗe ba, misalinsa ƙyauren ɗaki ne da aka tura ya rufu amma ba a sa sakata ba: a rufe yake muddin ba a turo shi daga waje ba. Abin da ke turo shi kuwa shi ne duk wani yunƙuri da ke ɗaga ƙarfin jini a dama na ɗan lokaci, kamar tari mai tsanani, ko atishawa, ko nishi a bayan gida, ko ɗaga buhu, ko naƙuda. A irin wannan lokaci ɗan jini yakan tsallaka hagu bai ga huhu ba. Likitoci suna taƙaita sunan wannan ƙofa da PFO. A 1984 masu bincike na asibitin Mayo da ke Amurka sun duba zukata 965 na mutanen da suka rasu, suka same ta a buɗe a kusan kashi 27 cikin 100.

A nan akwai abin da ya kamata a raba. Idan aka ce yaro yana da rami a zuciya, abin da ke zuwa wa mutane a rai shi ne yaron nan mai haki, wanda ba ya ƙiba, wanda iyaye ke neman taimako a kai shi Indiya a yi masa aiki. Wancan wani abu ne daban: a can wani yanki na bangon ne babu shi tun asali, jini yana zuba ta wurin dare da rana, zuciya tana wahala. Ita PFO ba ta kumbura zuciya, ba ta sa haki, ba ta hana aikin ƙarfi ko haihuwa. Da za a tara mutum dubu a filin Idi, ɗari biyu da wani abu suna da ita, lafiyarsu ƙalau.

Shi kuma ciwon ɓarin kai, wanda ya san shi ya san ba ciwon kan gajiya ba ne. Kai ya riƙa sara, sau da yawa gefe ɗaya, ga tashin zuciya ko amai, haske ya zama azaba, ƙarar yara ta zama azaba, ko sunkuyawa mutum ya yi sai ya ji kamar kan zai tsage. Yakan ɗauki awa 4 har zuwa kwana uku. Fiye da mutum biliyan ɗaya ke fama da shi a duniya, kuma mata sun ninka maza kusan sau uku. Daga cikin masu ciwon, kamar ɗaya cikin uku ko huɗu sukan ga wasu alamu na share fage kafin kan ya fara, abin da likitoci ke kira aura, kuma waɗannan su ne maganar zuciya ta fi shafa.

Ga yadda abin yake zuwa wa da yawansu. Mace tana tsince shinkafa, sai ta lura akwai wani ɗan wuri a tsakiyar faranti da ba ta gani sosai. Ta murza ido, yana nan. Cikin 'yan mintoci wurin ya fara ƙyalli, gefensa ya zama layi mai karye-karye yana rawa, yana faɗaɗa a hankali zuwa gefe ɗaya, yana barin duhu a bayansa. Ta rufe idon dama, yana nan. Ta rufe na hagu, yana nan. Ko duka biyun ta rufe tana ganinsa, domin ba a ido abin yake ba, a ƙeya yake, inda ƙwaƙwalwa ke karanta abin da ido ya gani. Bayan minti 20 ko 30 ya fice ta gefen gani ya ɓace, sai ciwon kai ya biyo. Wasu kuma yatsu ne ke fara yam-yam, abin ya hauro hannu a hankali har leɓe da harshe. Wasu kalma ce ke ɓace musu. Ba mamaki wanda ya fara ganin wannan ya firgita, ya zaci makanta ce ko taɓin iska. A 1944 wani masani ɗan Burazil, Aristides Leão, yana gwaji a kan zomaye a Jami'ar Harvard, ya gano wata igiyar lantarki da ke rarrafe a saman ƙwaƙwalwa, tana tayar da ƙwayoyinta sannan ta bar su shiru na ɗan lokaci. Tafiyarta kamar milimita 3 ce a minti ɗaya. Wannan rarrafe shi ne abin da matar nan ke kallo a farantinta.

To me ya haɗa wannan da zuciya? Farkon abin ƙirge ne. A 1998 Massimo Del Sette da abokan aikinsa a birnin Genoa na Italiya suka auna masu ciwon ɓarin kai mai aura, suka tarar kashi 41 cikin 100 jininsu yana tsallakawa daga dama zuwa hagu, alhali a cikin masu lafiya kashi 16 ne. Shekara guda bayan haka wani rukunin a Italiya, ƙarƙashin Gian Paolo Anzola, ya samu kashi 48 ga masu aura, 23 ga masu ciwon ba aura, 20 ga masu lafiya. A lura da wannan da kyau: marasa aura kusan daidai suke da kowa. Tun daga farko alaƙar ta masu aura ce.

Yadda ake gano tsallakawar abu ne mai sauƙi da ban sha'awa. Hoton zuciya na eko da aka saba yi sau da yawa ba ya nuna ta. Sai a ɗauki sirinji biyu a haɗa bakinsu, a zuba ruwan gishirin asibiti da 'yar iska kaɗan, a yi ta tura ruwan daga wannan zuwa wancan har ya yi fari da ƙananan kumfa. A ɗura shi a jijiyar hannu, likita yana kallon zuciya a allo. Nan da nan ɗakin dama ya cika da fari. A ce wa mutum ya toshe numfashi ya yi yunƙuri, sannan ya saki. Idan bango a liƙe yake, hagu za ta tsaya baƙi wuluk, domin huhu zai tare kumfar. Idan ƙofa na nan, cikin bugu uku na zuciya za a ga fararen ɗigo-ɗigo sun ɓulla a hagu, wani lokaci 'yan kaɗan da za a ƙirga, wani lokaci su cika ɗakin. Akan kuma kafa na'urar sauraron gudun jini a gefen kai, a ji kumfar tana wucewa ta jijiyar ƙwaƙwalwa. Irin na'urar nan ce ake auna yara masu sikila da ita a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano don gano waɗanda ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, sai dai su ba a ɗura musu kumfa.

Abin da ya tayar da ƙura sosai daga masu nutso a teku ya fito. Mai nutso da tukunyar iska a baya, idan ya daɗe a ƙasa, iskar naitirojin takan narke a jikinsa, in ya tashi sama kuma ta zama kumfa a jini. Ga yawanci huhu ke tare ta. Mai ƙofa babba kuwa kumfar takan tsallaka ta tafi ƙwaƙwalwa ko laka, ta jawo jiri ko shanyewar ƙafa. Peter Wilmshurst, likitan zuciya a garin Shrewsbury na Ingila, ya daɗe yana duba irin waɗannan mutane, ana toshe wa wasunsu ƙofar don su koma sana'arsu. A 2000 shi da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Lancet abin da suka gani a mutum 37 da aka yi wa aikin, galibinsu masu nutso. Ashe 21 daga cikinsu suna da ciwon ɓarin kai tun da can. Bayan aikin, 10 ciwon ya ɗauke musu gaba ɗaya, 8 ya yi sauƙi, 3 ba canji. Babu wanda aka yi wa aikin don ciwon kai a cikinsu. Asibitoci a ƙasashe da dama suka waiwayi nasu marasa lafiyan, suka riƙa ba da labari irin wannan.

Bayanin da aka kawo mai shiga hankali ne. Idan ɗan mitsitsin gudan jini ko kumfa ya kauce wa huhu ya je ya tsaya a wata siririyar jijiya ta ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, zai iya kunna igiyar nan ta Leão ba tare da ya kashe wurin ba. A 2010 masu bincike a birnin Boston sun nuna haka a jikin ɓeraye: ƙananan kumfar da suka ɗura ta tayar da igiyar. Wasu kuma suka ce sinadarin sarotonin ne, wanda ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare suke ɗauke da shi, huhu kuma yake rage shi. In ya tsallake huhu zai isa kai da yawa. Akwai shaida ta uku da nake ganin ta fi sauran ƙarfi. Akwai wata cutar gado da ke sa yawan haɓo, wadda masu ita sukan samu jijiyoyin da suka haɗe ba daidai ba a cikin huhu, jini ya wuce ba a tace shi ba. Zuciyarsu lafiya lau, amma su ma ciwon ɓarin kai ya yi musu yawa, kuma an ga yana raguwa wa wasunsu bayan an toshe waɗannan jijiyoyi. Wuri daban, matsala iri ɗaya: jinin da bai bi ta matatar huhu ba.

Duk da haka akwai dalilan taka-tsantsan. Abu biyu da suka yawaita a cikin jama'a dole a riƙa samunsu tare a jikin mutum ɗaya ko da babu ruwan ɗaya da ɗaya. Zai kuma yiwu gadonsu ake yi tare, domin shi kansa Wilmshurst ya ga gidajen da ƙofar da aura suke bin dangi. Sannan waɗanda ke zuwa manyan asibitoci su ne masu ciwo mafi tsanani, ba su wakiltar kowa. Da aka bi mutum 1,101 mazauna arewacin Manhattan a birnin New York, sakamakon da ya fito a 2008 bai nuna wata alaƙa ba tsakanin ƙofar da ciwon, ko da yake yawancinsu dattawa ne, ciwon kuwa ya fi addabar masu ƙuruciya.

Babbar matsalar ita ce halin ciwon kansa. Yana tashi yana lafawa. Mutum ba ya yarda a taɓa zuciyarsa sai lokacin da ciwon ya kai maƙura, daga maƙura kuwa sauƙi ne ya fi saurin biyowa ko an yi magani ko ba a yi ba. Ga kuma ƙarfin sa rai: wanda ya yi imani an gyara masa zuciya zai iya jin sauƙi na gaske saboda imanin kaɗai. Ƙari a kan haka, duk wanda aka sa wa abin toshiya akan ɗora shi a kan asfirin da kilofidogirel na watanni don kada jini ya daskare a kai, su kuma waɗannan magunguna akwai alamun suna rage ciwon da kansu. Ba yadda za a raba waɗannan sai da gwajin da za a jefa ƙuri'a, a yi wa wasu aikin gaske, wasu na kwaikwayo, kowa bai san nasa ba.

Haka aka yi a Birtaniya a gwajin da ake kira MIST. Aikin gaske ba ya buƙatar tsaga ƙirji. Ta babbar jijiyar gindin cinya ake zura siririn bututu har cikin zuciya, a tsallaka ƙofar, a buɗe faifai ɗaya a hagu, ɗaya a dama, su matse bangon a tsakaninsu, daga baya nama ya rufe su. 'Yan rukunin kwaikwayo su ma an sa su barci, an ɗan tsaga fatar cinyarsu, suka farka da bandeji kamar kowa. Mutum 147 aka raba biyu. Da sakamako ya fito a mujallar Circulation a 2008, waɗanda ciwon ya ɗauke musu gaba ɗaya mutum 3 ne cikin 74 da aka toshe wa, da mutum 3 cikin 73 na kwaikwayo. Kunnen doki.

Gwajin ya bar baya da ƙura. Wilmshurst yana cikin jagororinsa biyu, amma ya ƙi sa hannu a rahoton, ya kuma faɗa a fili cewa yana da shakku a kan bayanan, musamman yawan waɗanda jini ya ci gaba da tsallaka musu bayan aikin. Kamfanin Amurka da ya ƙera abin toshiyar ya kuma ɗauki nauyin gwajin, NMT Medical, ya maka shi a kotun Ingila da zargin ɓata suna. Shari'ar ta ja shekaru tana neman cinye dukiyarsa, ba ta ƙare ba sai da kamfanin ya durƙushe a 2011. Tana cikin shari'o'in da suka sa aka gyara dokar ɓata suna ta Ingila a 2013. Abin da ke ba ni girmansa shi ne, mutumin da ya fi kowa dalilin son a ce toshiya na aiki, shi ne ya tsaya kai da fata sai an faɗi lambobin yadda suke.

An sake gwadawa sau biyu da wani abin toshiyar mai suna Amplatzer. Gwajin PRIMA na Turai da Kanada, mai mutum 107, ya fito a 2016. Na PREMIUM a Amurka, mai mutum 230 da aikin kwaikwayo, ya fito a 2017. Dukansu ba su cimma ma'aunin da suka ɗora wa kansu tun farko ba. A PREMIUM, waɗanda ciwonsu ya ragu da rabi kashi 38 da ɗoriya ne a masu toshiya, kashi 32 a masu kwaikwayo, tazarar da za ta iya zama dace kawai. A duba wannan 32 ɗin: kusan ɗaya cikin uku sun samu sauƙi sosai ba a taɓa zuciyarsu ba. Amma labarin bai tsaya nan ba. Da aka haɗe bayanan gwaje-gwajen biyu a 2021, mutum 337, sai aka ga masu toshiya sun samu ragin kwana 3.1 na ciwo a wata, ɗaya rukunin kwana 1.9. Waɗanda ciwon ya rabu da su ɗungurungum kashi 9 cikin 100 ne a masu toshiya, ƙasa da kashi 1 a sauran. Amfanin kuma ya fi fitowa ga waɗanda kusan kullum ciwonsu da aura yake zuwa.

Ni dai yadda na fahimci waɗannan lambobi shi ne akwai wasu 'yan tsiraru da ƙofar ce da gaske take kunna musu ciwo, kuma ba zan raina kashi 9 ba, domin wanda ya yi shekara 20 yana kwanciya a ɗaki mai duhu ya san darajar rabuwa da wannan azaba. Sai dai cikin kowane mutum 100 da aka yi wa aikin, 91 suna nan da ciwonsu, mai yawa ko kaɗan, ga ƙarfe a zuciya har abada. Aikin ma yana da nasa haɗarin. Kusan 5 cikin 100 bugun zuciyarsu yakan rikice bayan sa abin, ko da yake yawanci na ɗan lokaci ne. Akan samu zubar jini a cinya, nadiran kuma abin ya goce daga mazauninsa ko jini ya taru a kewayen zuciya. Wani abin lura, a cikin waɗanda aka toshe wa ramin gaske na bangon sama, kamar 15 cikin 100 sukan fara ciwon ɓarin kai sabo fil bayan aikin, kuma wani gwaji na Kanada a 2015 ya nuna ƙara kilofidogirel a kan asfirin yana rage shi. Shi ya sa ƙungiyar SCAI ta likitocin Amurka masu aikin zuciya ta jijiya, a ƙa'idojinta na 2022, ta ce kada a mayar da toshiya maganin ciwon ɓarin kai na yau da kullum, sai dai a duba ta ga wanda ciwon ya nakasa, magunguna kuma duk sun gaza. Masana na Turai su ma matsayarsu ke nan. Saboda haka mai ciwon ɓarin kai kawai, wanda bai taɓa samun shanyewar jiki ba, ba ya buƙatar kashe kuɗi neman ƙofa a zuciyarsa. Ko an gano ta, ba abin da zai canja a maganinsa.

Inda toshiya ta tabbata da amfani wani wuri ne daban. Mutum ɗan ƙasa da shekara 60 da ya samu shanyewar ɓarin jiki, aka bincika ba a ga wani dalili ba sai wannan ƙofa, akwai yiwuwar gudan jini ne daga jijiyar ƙafa ya tsallaka ya tafi kai. Manyan gwaje-gwaje uku da aka wallafa tare a watan Satumba na 2017 sun nuna toshiya tana rage maimaituwar shanyewar ga irin waɗannan. Don haka matashin da ya shanye ba hawan jini, ba ciwon suga, ya cancanci a yi masa gwajin kumfa, ko yana da ciwon kai ko ba shi da shi.

Maganar shanyewar jiki ita ce ma ya kamata mai aura ya fi riƙewa. Masu ciwon ɓarin kai mai aura haɗarin shanyewa a gare su ya kai kamar ninki biyu na sauran mutane. Kada wannan ya hana kowa barci, domin ga matashi haɗarin tun asali kaɗan ne, ninkinsa ma kaɗan ne. Abin da ke hura shi su ne abubuwan da ke hannunmu: taba, har da shisha, da hawan jinin da ba a kula da shi ba, da ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin istirojin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa mai aura cikin matan da bai kamata su yi amfani da irin waɗannan ƙwayoyi ba ko shekarunsu nawa. 'Yar'uwa, idan kin je ɓangaren tazarar haihuwa, ko ba a tambaye ki ba ki faɗa cewa kina ganin walƙiya kafin ciwon kai. Akwai hanyoyin da ba su da istirojin, irin su robar mahaifa, da allurar wata uku, da ashanar dantse, ma'aikaciyar lafiya za ta duba wadda ta dace da ke. Matsalar ta fi yawa ga masu sayen ƙwaya a kemis ba tare da kowa ya yi musu tambaya ba.

Shi kansa ciwon yana da magani, kuma mafi yawansa ba mai tsada ba ne. Farasitamol, ko ibufurofen, ko asfirin sun fi aiki idan aka sha da zarar ciwo ya fara. Akwai sumatiriftan ga wanda waɗannan ba sa yi masa, amma haramun ne ga mai ciwon jijiyoyin zuciya ko wanda ya taɓa shanyewa. Wanda ciwon ke kayar da shi kwana huɗu ko fiye a wata, likita zai iya ɗora shi a kan maganin rigakafi na kullum, kamar furofaranolol ko amitiriftilin. Mai ciki ko mai neman haihuwa ta sanar tun da wuri, domin wasu magungunan rigakafin, musamman balfurowet, suna cutar da ɗan tayi. A kuma kiyayi tarkon da mutane da yawa suka faɗa: shan maganin ciwo kwana 15 ko fiye a wata, ko kwana 10 ga masu kodin, tiramadol, da haɗe-haɗe masu kafeyin, shi da kansa yana mayar da ciwon na kullum. Rashin barci, ƙishirwa, tsallake abinci, zafin rana, da lokacin al'ada suna cikin masu tayar da shi. Mai azumi ya yawaita ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur, ya kuma tattauna lokutan shan magani da likitansa kafin watan ya kama. Ɗan littafin da za a riƙa rubuta ranar ciwo, da ko an ga aura, da abin da aka sha, ya fi hoton zuciya amfani ga likitan da zai duba ku.

Aura tana zuwa a hankali, tana rarrafe, ta wuce cikin awa ɗaya. Shanyewar jiki kuwa farat ɗaya take zuwa: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Duk wanda ya ga haka, ko aurarsa ta wuce awa ɗaya ba ta tafi ba, ko ciwon kai ya sauko masa da cikakken ƙarfinsa cikin minti guda, ko ya fara irin wannan ciwo karon farko bayan shekara 50, asibiti za a nufa nan take, ba a jira gari ya waye. Ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman a watannin zafi, a ɗauke shi sanƙarau har sai likita ya ce ba shi ba ne. Yaro mai sikila da ya fara ciwon kai mai tsanani ko rauni a gefe ɗaya, shi ma gaggawa ce. Mai ciki kuma da ta haura wata biyar, idan ta fara ganin walƙiya da ciwon kai, ko fuska da hannuwa suka kumbura, kada ta ce ai ɓarin kan da ta saba ne: a auna jininta da fitsarinta a ranar, domin haka hawan jinin ciki yake sallama kafin jijjiga.